Wane King Ake Tunawa da Shi a Jami'o'in Amurka?

Duk ranar Litinin ta uku a watan Janairu, yawancin jami'o'in Amurka sukan rufe azuzuwa don tunawa da Martin Luther King, jagoran gwagwarmayar 'yancin baƙar fata a ƙasar. Tsarin bikin kusan ɗaya ne ko'ina. Da safe a yi walimar karin kumallo, shugaban jami'a ya yi maraba da baƙi, mawaƙan coci su rera, wani babban baƙo da aka biya kuɗi masu kauri ya gabatar da lacca. Da rana ɗalibai su bazu cikin gari, waɗansu su yi wa makarantar firamare fenti, waɗansu su raba abinci ga marasa galihu. Kafin magariba an karanto sashen nan na jawabin 1963 inda King ya ce yana da mafarki, an raba lambobin yabo, kowa ya kama gabansa.

Mai kallo daga nesa sai ya zaci tun fil'azal Amurkawa sun yi ittifaƙi a kan mutumin. Ko kusa. A 1966, shekara biyu kafin a harbe shi, ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup ta nuna kashi 63 cikin ɗari ba sa kallonsa da idon rahama. Da aka sake tambaya a 2011, kashi 94 suka ce suna ganin girmansa. Ƙasar ta sauya a tsakanin nan, babu musu. Amma shi ma King an sauya shi. An danne waɗansu kalamansa, an ɗaga muryar waɗansu, har ya koma mutumin da ba ya ɓata wa kowa rai. Harabar jami'a kuwa ita ce inda wannan aiki ya fi fitowa fili, domin a nan takardunsa suke ajiye, a nan kuma ake samun matasan da har gobe suke gwada dabararsa a kan hukumar makarantarsu.

Ita kanta ranar hutun da ƙyar aka same ta. Kwana huɗu bayan kisan King a Memphis a 1968, ɗan majalisa John Conyers ya gabatar da ƙudurin ware masa rana. Ƙudurin ya yi shekara 15 yana jan ƙafa. Sanata Jesse Helms ya tsaya a zauren majalisa yana jingina King da 'yan gurguzu, kuma Shugaba Ronald Reagan, wanda da farko bai so ba, sai a watan Nuwamba 1983 ya sa hannu. An fara hutun a 1986. Jihar Arizona ta yi taurin kai har sai da aka ɗauke mata wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka na 1993. South Carolina ba ta mai da ranar hutun dukan ma'aikatanta ba sai a 2000. Alabama da Mississippi kuwa har yau a rana ɗaya suke tunawa da King da Robert E. Lee, janar ɗin da ya jagoranci sojojin jihohin masu bayi a yaƙin basasa. Saboda haka wanda ya raina bikin gaba ɗayansa ya manta cewa akwai waɗanda suka yi shekaru suna fafutuka kafin a yarda da shi. Sai dai kafin majalisa ta amince, dole ta samu King ɗin da kowane ɓangare zai iya haɗiyewa, kuma wanda aka samu shi ne na ranar 28 ga Agusta 1963, ranar jawabin mafarki.

King bai mutu a 1963 ba. Ya ƙara shekara huɗu da 'yan watanni, kuma a cikinsu ne farin jininsa ya zube. Bayan an kafa dokar hana wariya a 1964 da dokar 'yancin zaɓe a 1965, sai ya juya ga abin da doka ba ta taɓa ba: gidan haya, albashi, unguwannin talakawa a biranen arewa. A 1966 ya tare a wani ruɓaɓɓen gida a Chicago, ya jagoranci zanga-zanga cikin unguwannin fararen fata, aka jefe shi da dutse a ka. Ranar 4 ga Afrilu 1967, a cocin Riverside da ke New York, ya fito ƙarara ya soki yaƙin Biyetnam, ya ce gwamnatin ƙasarsa ce ta fi kowa yaɗa tashin hankali a duniya. Manyan jaridun da suka saba yabonsa suka yi masa ca, har NAACP, tsohuwar ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata, ta nesanta kanta da haɗa yaƙi da batun 'yancin baƙar fata. Shekara ɗaya cif bayan wannan jawabi aka kashe shi, yana da shekara 39, yana tsakiyar shirin kai talakawan kowane launi birnin Washington su kafa sansani. Wariya, talauci, da son yaƙi: su ne abubuwa uku da ya riƙa jerawa tare a ƙarshen rayuwarsa. A yawancin bukukuwan jami'a na farko ake ambata, na biyu a taɓa shi sama-sama, na uku a tsallake.

Akwai dalilin da ya sa jami'a ba ta son tona wannan tarihi da zurfi, kuma dalilin ya wuce tsoron masu ba da gudummawar kuɗi. Ita ma tana cikin labarin, kuma ba kullum a ɓangaren da take so a gan ta ba. Ɗalibai ne suka farfaɗo da gwagwarmayar a 1960. Ranar 1 ga Fabrairu, samari huɗu daga kwalejin North Carolina A&T suka zauna a teburin cin abinci na kantin Woolworth a Greensboro, inda ba a sayar wa baƙar fata, suka ƙi tashi. Kafin wata biyu zaman dirshan ya game biranen kudu. A watan Afrilu Ella Baker ta tara shugabannin ɗaliban a Jami'ar Shaw, aka kafa SNCC, ƙungiyar ɗalibai masu gwagwarmayar lumana, kuma ita ce ta ba su shawarar kada su zama reshen ƙungiyar King. A Atlanta ma ɗalibai ne suka matsa wa King har ya bi su kantin Rich's a watan Oktoba, inda aka kama shi. Me makarantun suka yi? A Montgomery, garin da King ya yi limanci, kwalejin Alabama State ta kori ɗalibai tara bisa matsin lambar Gwamna John Patterson, ba tare da an saurare su ba. Ƙarar da suka shigar ita ce ta kafa ƙa'idar nan a 1961 cewa jami'ar gwamnati ba ta da ikon korar ɗalibi sai ta ji ta bakinsa. Jihar ba ta goge laifin daga takardunsu ba sai a 2018, bayan shekara 58.

Labarin Jami'ar Vanderbilt da ke Nashville ya fi kowanne cancantar a tsaya a kansa. James Lawson ɗalibin sashen ilimin addini ne a can. Ya yi shekara uku a Indiya yana nazarin hanyar Gandhi, kuma shi ne ya riƙa horar da matasan Nashville, ciki har da John Lewis da Diane Nash, yadda mutum zai zauna a zage shi, a tofa masa yawu, a doke shi, bai rama ba. A watan Maris 1960 jami'ar ta kore shi. Malamai da dama suka yi barazanar ajiye aiki, amma bai dawo ba. Sai a 2006 Vanderbilt ta nemi afuwarsa ta dawo da shi a matsayin babban malami, daga baya ta kafa cibiyar nazarin gwagwarmayar lumana da sunansa. To, a watan Maris 2024 waɗansu ɗalibai suka shiga ginin ofishin shugaban jami'ar suka yi zaman dirshan kan batun Gaza, bayan hukuma ta hana ƙuri'ar ɗalibai a kan ƙaurace wa kamfanonin da ke hulɗa da Isra'ila. An kori uku daga cikinsu. Jami'ar ta ce ba don ra'ayinsu ba ne, don sun kutsa da ƙarfi ne sun ture ma'aikacin tsaro. Ɗaliban suka ce an kambama abin don a tsorata saura. Lawson ya rasu a watan Yuni na wannan shekara, wata biyu bayan korar.

Abu ne mai sauƙi a ce tarihi ya maimaita kansa, kuma da yawa sun faɗi haka. Ni ban ga ya kamata a yi saurin yanke wannan hukunci ba, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hukumar jami'a tana yanke King ta bar mai wa'azin zaman lafiya, ta manta da wasiƙar da ya rubuto daga kurkukun Birmingham a 1963, inda ya ce wanda ya fi ba shi ciwon kai ba ɗan ƙungiyar Ku Klux Klan ta fararen fata masu tsananin wariya ba ne, mai sassaucin ra'ayin nan ne da ya fifita tsari a kan adalci, mai cewa kullum a ƙara haƙuri. Duk shugaban jami'ar da ya karanta wannan sashe da gaske zai ji ana nuna shi da yatsa. Amma su ma masu zanga-zanga suna nasu yankan. A wasiƙar dai King ya gindaya sharuɗɗa: wanda zai karya dokar zalunci ya karya ta a bayyane, da ƙauna, kuma ya shirya karɓar hukuncin. Masu fita tare da shi a Birmingham sai da suka sa hannu a takardar alkawarin ba za su rama da hannu ko da harshe ba. Rufe fuska, tsoratar da abokin karatu saboda addininsa, ko neman a yafe hukunci tun kafin a fara, duk ba sa cikin wannan tsari. Kuma King limamin coci ne, ɗan limami, jikan limami. Wanda ya cire Allah daga hujjarsa ya cire ginshiƙinta, ko da kuwa yana ganin ya fi kowa tsattsauran ra'ayi. Sai dai gaskiyar magana ita ce, ƙarfin ɓangarorin biyu ba ɗaya ba ne. Ɗalibi idan ya yi kuskure ya rasa karatunsa, jami'a idan ta yi kuskure tana da shekara arba'in ko hamsin kafin ta nemi afuwa.

Ko Morehouse, kwalejin baƙar fata da ke Atlanta inda King ya shiga yana ɗan shekara 15 ya kammala a 1948, ba ta tsira ba. A harabarta tsohon shugabanta Benjamin Mays ya yi jawabin ban kwana a kan gawar ɗalibinsa. Shekara ɗaya bayan haka, a 1969, ɗalibai suka kulle 'yan kwamitin amintattun makarantar a ɗaki fiye da kwana guda, suna neman a koyar da tarihin baƙar fata a kuma ƙara baƙaƙe a kwamitin. Cikin waɗanda aka kulle har da mahaifin King. Cikin waɗanda aka kora kuma akwai Samuel L. Jackson, wanda ya yi hidimar zaunar da baƙi a jana'izar King, kafin ya zama ɗan wasan da duniya ta sani.

Batun aikin gayya na ranar ya samo asali ne daga dokar 1994 da John Lewis, wanda a lokacin ya zama ɗan majalisa, da Sanata Harris Wofford suka kawo, don kada hutun ya zama ranar barci da cin kasuwa. Niyyar mai kyau ce, kuma wanda aka ba abinci ya ci. Amma shi wannan tsari ya yi wa jami'o'i daɗi fiye da kima, domin ba ya tambayar kowa komai. A jawabin Riverside ɗin nan King ya ce tausayi na gaskiya ya wuce jefa wa mai bara kwabo, sai an kai ga gane cewa ginin da ke haifar da mabarata yana bukatar a sake masa fasali. Kuma in ana neman talakan da ya fi kusa da ɗalibi, ba sai an hau mota an shiga gari ba. Abin da ya kai King Memphis yajin aikin masu kwashe shara ne, su kimanin 1,300, bayan motar shara ta matse abokan aikinsu biyu har lahira. Lawson ɗin nan, wanda a lokacin yake limanci a Memphis, yana cikin waɗanda suka gayyato shi. Masu shara da masu dafa abinci da masu gadin jami'o'in Amurka da yawansu baƙaƙe ne ko 'yan ci-rani, galibi ta hannun 'yan kwangila ake ɗaukarsu, kuma su ne suke shirya teburan walimar suna kwashe kwanukan. A 2001 ɗaliban Harvard sun yi mako uku a zaune cikin ginin ofishin shugabansu suna neman a ƙara wa waɗannan ma'aikata albashi, kuma a ƙarshe an ƙara. A ganina wannan ya fi kusa da Memphis fiye da lacca goma.

Mai karatu a Kano ba baƙon irin wannan al'amari ba ne. Gidan Malam Aminu Kano da ke Gwammaja, Mambayya, yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero, kuma akan yi taron tunawa da shi a watan Afrilu, watan da ya rasu a 1983. Kowa ya san yadda yabon mai kare talakawa yake da sauƙi a bakin manya idan mai kare talakawan ba ya nan balle ya ba da amsa.

A Amurka rigimar ta ƙara zafi a 'yan shekarun nan saboda batun gurbin karatu. Tun bayan kisan King jami'o'i da dama suka fara la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, don a cike giɓin da wariya ta bari. Abin ya yi kama da kason da jami'o'in tarayya a Najeriya suke ware wa jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, sai dai Kotun Ƙolin Amurka ta haramta ƙayyade kaso tun 1978, ta bar launi ya zama ɗaya daga cikin abubuwan dubawa kawai. A watan Yuni 2023, a shari'ar Harvard da Jami'ar North Carolina, kotun ta soke wannan ma. Masu murna da hukuncin da jimlar King suka yi murna: cewa yana fatan a auna 'ya'yansa da halinsu ba da launin fatarsu ba. Jimlar tasa ce, babu wanda ya ƙirƙira masa. Amma a littafin da ya fitar a 1964 ya nemi ƙasar ta yi wani gagarumin shiri na biyan diyya ga waɗanda aka danne shekaru aru-aru, irin gatan da aka yi wa tsofaffin sojoji bayan yaƙin duniya na biyu. Wannan bai yi wa masu cewa a rufe ido ga launi daɗi ba. Sai dai kuma ya ce shirin ya haɗa da talakawan fararen fata, abin da bai yi daidai da tsarin manyan jami'o'in ba, inda ɗan likita baƙar fata yake iya samun gurbi ɗan leburan kowane launi ya tsaya a waje. Duk ɓangaren da ya karanta shi har ƙarshe zai tarar da abin da bai so ba.

Jami'ar Texas da ke Austin ta nuna yadda abubuwan suke cakuɗewa. Ɗalibai ne da kuɗinsu suka kafa mutum-mutumin King a harabar a 1999, a lokacin da na Jefferson Davis, shugaban jihohin masu bayi a yaƙin basasa, da na Robert E. Lee suke tsaye a can, kafin a kawar da su a 2015 da 2017. A farkon 2024 dokar jihar da ta haramta ofisoshin kula da bambancin jinsi da launi a jami'o'in gwamnati ta fara aiki. A watan Afrilu aka sallami gomman ma'aikata da suka yi aiki a irin waɗannan ofisoshi, kuma kafin watan ya ƙare 'yan sandan jiha bisa dawakai suka kama sama da mutum 50 a zanga-zangar Gaza, tuhumar da daga baya aka janye. A makarantu da yawa irin waɗannan ofisoshi ne suke shirya bikin King. Ranar bikin ta 2025 kuwa ta faɗo daidai da ranar rantsar da Donald Trump karo na biyu, kuma a ranar ya sa hannu kan umarnin rufe irinsu a gwamnatin tarayya. Ba na cikin masu ganin waɗannan ofisoshi su ne magadan King. Da yawansu sun fi ƙwarewa a taron bita da cike fom fiye da sauya rayuwar kowa. Amma rufe su da sunan cika mafarkinsa ƙarfin hali ne.

Idan kamfani ya yanke King, ba a yi mamaki ba. A 2018 kamfanin motocin Ram ya ɗora muryarsa a kan tallar mota, daga wata huɗuba da a cikinta ya yi wa masu tallar mota ba'a kan yadda suke sa mutane sayen abin da ya fi ƙarfin aljihunsu. Jami'a ba ta da irin wannan uzuri, domin ita ke riƙe da takardun. King da kansa ya ba Jami'ar Boston, inda ya yi digirinsa na uku a 1955, dubban takardunsa a 1964. Matarsa Coretta ta nemi a dawo da su ta hanyar kotu, ta sha kaye a 1993. A 2006 iyalinsa suka shirya gwanjon wani kason, sai magajiyar garin Atlanta Shirley Franklin ta haɗa masu hannu da shuni aka biya dala miliyan 32 aka damƙa wa Morehouse. A Jami'ar Stanford kuma, masanin tarihi Clayborne Carson, wanda Coretta ta zaɓa a 1985, ya jagoranci aikin tacewa da buga takardun.

Wannan aiki na Stanford shi ne ya fi nuna abin da jami'a za ta iya yi wanda majalisa da kamfani ba za su iya ba. Masu binciken ne da kansu suka gano cewa King ya kwafi sassa masu yawa na kundin digirinsa daga rubutun waɗansu ba tare da ya ambace su ba, labarin da ya fito a 1990. Ba su ɓoye ba, ko da yake matarsa ce ta ba su amanar. Kwamitin Jami'ar Boston ya tabbatar da haka a 1991, ya bar masa digirin, aka liƙa wasiƙar bayani a jikin kundin. Girmansa bai ragu a wurin masu hankali ba, sai dai ya fito a matsayin mutum mai rauni da ya yi babban aiki, wanda ya fi amfani ga ɗalibi ɗan shekara 19 fiye da waliyyin da ba a iya koyi da shi. A cikin juzu'an takardun da wannan aiki ya fitar ne mutum zai bi shi zuwa Accra a 1957 wurin bikin 'yancin Gana, zuwa Indiya a 1959, da Legas a 1960 lokacin rantsar da Nnamdi Azikiwe a matsayin gwamna janar. An tsara juzu'i 14. Na bakwai, wanda ya fito a 2014, a watan Agusta 1962 ya tsaya, shekara guda kafin jawabin mafarki. Littattafansa da manyan jawabansa na ƙarshe suna nan a buge ga mai so, amma wasiƙu da bayanan tarurrukan shekarun Chicago da Riverside da Memphis, shekarun da ake ta ja-in-ja a kansu, ba su shiga waɗannan juzu'i bakwai ba. Mai neman su sai ya je Atlanta ya buɗe akwatuna.